SAMI, MAKIYAYAN ƘASAR ƘANƘARA

Can ƙuryar arewacin Turai, inda ƙasa ta ƙare sai teku mai sanyi, akwai wata al'umma da a ke kira Sami. Ƙasarsu ba ta da soja, ba ta da shugaban ƙasa. Ta ratsa cikin ƙasashe huɗu: Norwej, Suwed, Finlanda da Rasha. Su kansu suna kiran ta Sapmi. A tsofaffin littattafan faransanci a kan ga an rubuta "Lapon". Wannan suna baƙi ne suka laƙa musu, kuma ba su son shi, don da raini a cikinsa.

Sami ba su da yawa. Ana ƙiyasta su wajen mutum 80.000, galibinsu a Norwej. Mutanen garin Tawa kaɗai sun fi su yawa.

Sanyin ƙasarsu ba a magana. A garin Karasjok, cikin shekarar 1886, ma'aunin zafi ya sauka har digiri 51 ƙarƙashin sifili. A tsakiyar lokacin ɗari rana takan yi makonni ba ta fito ba. A tsakiyar lokacin ɗumi kuma takan yi kusan wata biyu ba ta faɗi ba, har tsakar dare yara suna wasa a waje. A tudun cikin ƙasar ba a noma hatsi. Dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa fiye da rabin shekara.

Ba dukan Sami ba ne makiyaya. Tun da can wasu masunta ne a bakin teku, wasu suna da ƴan gonaki da tumaki. Yau akwai malamai cikinsu, da likitoci, da ƴan jarida, da direbobi. Wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke kiwo. Amma duk wanda ke son sanin tarihinsu, sai ya fara daga dabbar da su ke kiwo, domin a kanta ne aka yi yawancin rigingimunsu.

Dabbar da a ke kira ren

Da faransanci ana ce mata ren, Sami kuwa suna ce mata boazu. Dangin barewa ce, amma girmanta ya kusa na jaki. Ƙahonta yana da rassa kamar itace. Namiji da mace duk suna da ƙaho, kuma kowace shekara yakan faɗi, wani sabo ya fito. Na manyan maza yakan faɗi tun farkon sanyi. Mace mai ciki kuwa takan riƙe nata har ta haihu. Saboda haka a lokacin yunwa ita ce mai makami: in ta tona wurin ci, ba namijin da zai kore ta.

Kofatonta faffaɗa ne. Yadda tafin raƙumi ba ya nutsewa cikin rairayi, haka kofaton ren ba ya nutsewa cikin dusar ƙanƙara. Da shi kuma ta ke tono. Abincinta na lokacin sanyi wani irin farin gansakuka ne mai shimfiɗuwa bisa ƙasa da duwatsu. Takan ji ƙanshinsa ko yana binne, ta tona ta ci. Gansakukan nan yana da jinkirin girma ƙwarai. In aka cinye shi ƙarƙaf ko aka tattake shi, sai a yi shekara ashirin ko fiye bai koma yadda ya ke ba.

Ba abin yarwa a jikin ren. Ana cin naman ɗanye a dafa, ko a busar, ko a yi masa banda. Da fatar a ke yin riga, takalmi da shimfiɗa. Jijiya ita ce zaren ɗinki. Ƙaho kuwa a sassaƙa ƙotar wuƙa da cokali. A da ana tatsar nononta, ɗan kaɗan ne amma mai maiƙo ƙwarai. Dandaƙaƙƙun maza su ne ke jan kaya a wani irin amalanke marar ƙafafu mai zamewa bisa ƙanƙara. Dukiyar mutum ke nan a kan ƙafa huɗu. Shi ya sa tambayar makiyayi yawan garkensa rashin kunya ne, daidai da tambayar Bafillatani yawan shanunsa.

Tafiyar shekara

Ren ba ta zama wuri ɗaya. A yankin Finnmark na Norwej, garkuna suna cin lokacin sanyi a tudun cikin ƙasa, wajen Kautokeino da Karasjok. Can dusar ƙanƙara busasshiya ce, mai sauƙin tonawa. Cikin watan Afirilu sai mata masu ciki su fara ɗaga kai suna duban arewa. Su ke shiga gaba, makiyaya su bi. Cikin Mayu su ke haihuwa, a wuraren da suka saba. Daga nan a zarce bakin teku, inda ciyawa ta fito kore shar, iska kuma tana korar sauro da ƙudaje. Wasu garkuna har iyo su ke yi su ƙetare zuwa tsibirai. Tafiyar takan kai kilomita 200, wani lokaci ta wuce. Da sanyi ya ƙarato sai a juyo.

Ga dalilin wannan wahala. Bakin teku ba ya riƙe garke a lokacin sanyi, don laima tana sa ƙasa ta daskare. Tudu kuwa in aka zauna masa a lokacin ɗumi, dabbobi za su tattake busasshen gansakuka su marmashe shi. Dole sai da makiyaya biyu, dole kuma sai da hanya tsakaninsu. In aka toshe hanyar, ko aka ɗauke ɗaya daga cikin wuraren, kiwo ya mutu.

Iyalai ƴan kaɗan su kan haɗa dabbobinsu su yi kiwo tare. Wannan ƙungiya sunanta siida. Garke ɗaya ne, amma kowace dabba da mai ita. Ana gane ta da tsagar kunne. Kowane mai dabba yana da irin tasa tsagar, har yara ƙanana, kuma an rubuta ta a littafin hukuma. A tsakiyar lokacin ɗumi a kan tara garke cikin shinge. Dabbobi suna zagawa da gudu, kowane ɗan maraƙi yana bin uwarsa. Makiyayi zai tsaya ya zuba ido har ya gane tsagar kunnen uwar, sa'an nan ya jefa igiya ya zarge ɗan, ya yi masa shaida da ƴar wuƙa. Yaron da ya tashi cikin kiwo yakan haddace tsagar gidaje masu yawa tun bai iya karatu ba.

Tun wajen 1960 aikin ya sake kama. Moto mai gudu bisa ƙanƙara ya maye gurbin amalanke. Iyalai sun zauna cikin gidajen katako a ƙauyuka, masu tsaron garke kaɗai ke kwana a daji. Yau wasu dabbobi suna da na'ura a wuya mai nuna inda su ke a cikin salula. Sauƙi ya samu, amma moto da mai suna cin kuɗi.

Iyakoki da makaranta

Sami suna bin hanyoyinsu tun ba a ja iyakar ƙasa ko ɗaya a arewa ba. A 1751, da aka shata iyaka tsakanin Norwej da Suwed, an ƙara wata takarda wadda ta yarda musu su ƙetara da dabbobinsu kamar yadda suka saba. Adalcin nan bai dawwama ba. A 1852 aka rufe iyakar Norwej da Finlanda, a 1889 aka rufe ta Suwed da Finlanda. Gidaje da yawa suka wayi gari makiyayarsu ta sanyi tana wata ƙasa, ta ɗumi tana wata. Manoma kuma suka yi ta shigowa suna kafa gonaki a wuraren kiwo. Wata doka ta 1883 ta ce in ren ta yi ɓarna a gona, ba a kuwa san mai ita ba, dukan makiyayan yankin ne za su biya.

Abin da ya fi wannan ciwo a makaranta ya faru. Daga wajen 1850, har fiye da shekara ɗari, gwamnatin Norwej ta bi manufar mai da Sami su zama ƴan Norwej ta harshe da al'ada. An gina makarantun kwana. Yaro ɗan shekara bakwai zai bar iyayensa, ya zauna gaban malamin da ba ya jin maganarsa. Bai fahimci karatu ba, sai a ce ba ya da ƙwaƙwalwa. A 1902 aka yi dokar da ta ce ba a sayar wa mutum filin gwamnati a Finnmark sai in yana jin harshen Norwej, yana kuma amfani da shi. Waƙarsu ta gargajiya, wato yoik, an daɗe ana ce musu zunubi ce. Tun kafin nan limaman kirista sun ƙwace gangunan addininsu na da, sun ƙone da yawa.

Kunya ta shiga zukata. Iyaye da yawa suka daina yi wa ƴaƴansu magana da harshen gida, don kada su sha abin da su suka sha. A bakin teku ƙauyuka sukutum suka ɓoye asalinsu.

Elsa Laula

An haifi Elsa Laula a 1877, cikin gidan makiyaya na kudancin Sapmi. Ta tafi Istokolm, babban birnin Suwed, ta koyi aikin ungozoma. A 1904 ta wallafa wani ɗan littafi da harshen Suwed. Sunansa tambaya ce: rayuwa ko mutuwa ke gaban Sami? A ciki ta yi magana kan filin kiwo, da makaranta, da ƴancin jefa ƙuri'a. A zamanin nan mace ba ta ma da ƙuri'a a Suwed, balle ƴar makiyaya.

Ta gane abu ɗaya: kowace siida tana kai kukanta ita kaɗai, hukuma kuwa ba ta jin kukan mutum goma. Sai ta shiga kafa ƙungiyoyi. Bayan ta yi aure ta koma Norwej, a 1910 ta kafa ƙungiyar matan Sami. Matan nan ne suka kira babban taro a birnin Trondheim ranar 6 ga Fabrairu 1917. Mutum wajen 150 suka zo, daga Norwej da Suwed, na arewa da na kudu. Ba a taɓa yin irinsa ba. Wasunsu ma ba su jin harshen juna, don harsunan Sami sun kai tara, kuma na nesa ba ya fahimtar na nesa. Sun yi kwanaki suna shawara kan dokar kiwo, kan biyan ɓarna, da kan karatun yara.

Taron bai sauya doka nan take ba. Elsa ta rasu a 1931 ba ta ga amfanin wahalarta ba. Sai a 1956 aka kafa majalisar shawara ta Sami da ta haɗa ƙasashe uku, sai a 1967 aka fara koya wa ƙananan yara karatu da harshensu a wasu makarantun Norwej. Amma tun 1993, ranar 6 ga Fabrairu ita ce ranar bikin Sami a ƙasashen nan huɗu.

Rigimar kogin Alta

Kogin Alta yana gangarowa daga tudun Finnmark zuwa teku. Ya yi suna wajen kifi. Gwamnati ta so ta datse shi da baraji don samun wutar lantarki. Bisa shirin farko, ruwa zai cinye ƙauyen Masi gaba ɗaya, ƙauyen Sami ne kuwa. Mutanen ƙauyen suka tashi tsaye a 1970, aka janye wannan shiri. A 1978 majalisar dokokin Norwej ta amince da wani baraji da bai kai na farko girma ba. Makiyaya suka ce ko shi ma, da hanyar mota da za a yi masa, zai ratsa wuraren kiwo da hanyar garke.

Cikin Oktoba 1979 wasu samarin Sami suka kafa tantinsu na gargajiya, mai suna lavvu, a gaban majalisar dokoki a birnin Oslo. Suka ƙi cin abinci. Mutanen birni suka taru suna kallo, jaridu suka ɗauka. Da yawa daga ƴan Norwej a ranar suka fara tambayar kansu su wane ne mutanen nan, me kuma aka yi musu.

Gwamnati ta dakata, daga baya ta koma kan aikinta. Cikin Janairu 1981, cikin tsananin sanyi da duhu, masu ƙin baraji suka zauna bisa hanya a wani wuri mai suna Stilla, wasu sun ɗaure kansu da sarƙa. Akwai Sami, akwai masunta, akwai masu kare daji daga kudu. Aka kawo ƴan sanda 600, aka yanke sarƙoƙin, aka kwashe su ɗaya ɗaya. Wata guda bayan haka wasu matan Sami suka shiga ofishin firaminista Gro Harlem Brundtland, suka zauna, suka ƙi fita sai da aka fitar da su. A 1982 kotun ƙoli ta ba gwamnati gaskiya. A 1987 baraji ya fara aiki.

An kayar da Sami ke nan a kan kogi. Sai dai hoton ƴan sanda suna jan makiyaya ya ba Norwej kunya a idon duniya, ita da ta saba yi wa wasu ƙasashe wa'azi kan haƙƙin ɗan Adam. Tun ana cikin rigimar aka naɗa kwamitin binciken haƙƙin Sami. Aikinsa ya haifi dokar Sami a 1987. A 1988 aka rubuta cikin tsarin mulki cewa wajibi ne hukuma ta ba su halin raya harshensu da al'adunsu.

Majalisar Sami

Ranar 9 ga Oktoba 1989 Sarki Olav na biyar ya buɗe majalisar Sami a Karasjok. Shugabanta na farko, Ole Henrik Magga, masanin harshe ne, ɗan gidan makiyaya daga Kautokeino. Wakilai 39 ne, ana zaɓensu duk shekara huɗu. Mai son jefa ƙuri'a sai ya ɗauki kansa Basami, ya kasance kuma shi, ko wani cikin iyayensa ko kakanninsa, ya tashi da harshen a gida. Da haka jikokin waɗanda suka ɓoye asalinsu suka sami ƙofar dawowa. A 2005 Aili Keskitalo ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar. Suwed ta buɗe tata a Kiruna a 1993. Ta Finlanda tana Inari, ta ɗauki siffarta ta yanzu a 1996. Sami na Rasha, waɗanda ba su wuce 2.000 ba, ba su da majalisar da gwamnati ta yarda da ita.

Kada a ɗauka majalisar nan gwamnati ce. Ba ta yin dokar ƙasa, ba ta karɓar haraji. Tana raba kuɗin da gwamnati ta ba ta don harshe, littattafai da sana'o'in hannu, tana da baki cikin tsarin karatu, kuma dole a shawarce ta kan abin da ya shafi Sami. Shawara kuwa ana iya jin ta a ƙi bi. Duk da haka a 1997 Sarki Harald ya tsaya gabanta ya nemi gafara kan zaluncin da aka yi. A 2006 aka fitar da kusan dukan filin Finnmark daga hannun gwamnati, aka damƙa shi ga wata hukuma wadda majalisar Sami ke naɗa rabin shugabanninta.

Abin da aka ɓoye ya fito fili. A 1986 aka zaɓi tuta: ja, shuɗi, rawaya da kore, da da'ira mai nuna rana da wata. A 1989 aka buɗe babbar makaranta a Kautokeino inda a ke horar da malamai da harshen Sami. Ana labarai a rediyo da talabijin. Samari suna sa rigar gargajiya, gakti, ranar biki ba tare da jin nauyi ba. Yoik ma ta dawo. Kamar taken mutum ta ke: kowane mutum, ko dutse, ko dabba, yana iya samun nasa sautin, in an rera shi sai a ce ga wane nan. Mawaƙiya Mari Boine ta kai ta ƙasashen duniya, Nils-Aslak Valkeapää kuma ya rera ta a bikin buɗe wasannin Olimpik na 1994 a Norwej.

Ba duk harsunan ne suka warke ba. Na arewa yana da masu jin sa fiye da 20.000, wasu kuwa tsofaffi ƙalilan ne suka rage da su. A Inari, inda yara masu jin harshen wurin suka kusa ƙarewa, an buɗe gidan renon yara a 1997 inda ba a yin magana sai da shi. Yaran farko sun girma, wasunsu suna koyar da shi.

Sabuwar barazana ga makiyaya

A 1986 tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe a Yukiren. Iska ta kai gubar arewa, ruwan sama ya sauke ta, gansakuka ya tsotse. A shekarar nan an zubar da naman dubun dubatar ren a Suwed da Norwej.

Yanzu kuma yanayi ne ke sauyawa. Arewa tana ɗumama fiye da sauran duniya. A tsakiyar sanyi sai a yi ruwan sama bisa dusar ƙanƙara, dare ya yi ya daskare. Ƙanƙara mai tauri ta rufe abinci, kofato ba ya fasa ta. Sai makiyayi ya sayi ciyawa da dusa ya kai daji, ko ya ga garkensa yana faɗuwa. Ga ma'adinai, ga hanyoyi, ga layin dogo, kowanne yana yankar rabonsa.

A yankin Fosen, a tsakiyar Norwej, an kafa manyan fankoki 151 masu ba da lantarki daga iska, a kan duwatsun da garkuna ke cin sanyi. Makiyaya suka ce dabbobi suna gudun wurin, suka kai ƙara. Ranar 11 ga Oktoba 2021 kotun ƙoli ta ba su gaskiya: ta ce izinin ginin bai halatta ba, don ya tauye haƙƙinsu na yin al'adarsu. Kwana 500 suka wuce, fankoki suna ta juyawa. Cikin Fabrairu 2023 matasan Sami, sanye da gakti, suka zauna a ƙofofin ma'aikatun gwamnati a Oslo suka hana shiga. Ƴan sanda suka ɗauke su, kamar yadda aka ɗauke iyayensu a Stilla. Gwamnati ta amsa an keta haƙƙi, ta nemi gafara.

An daidaita da makiyayan kudancin Fosen a Disamba 2023, da na arewa a Maris 2024. Ba a tumɓuke fanka ko ɗaya ba. Makiyaya za su riƙa karɓar diyya kowace shekara, an yi musu alkawarin wata makiyayar sanyi a wani wuri, kuma in wa'adin izinin ya cika, ba za a sabunta shi ba sai da yardarsu.